Ɗakin Toka a Bungudu

Tun ranar da na dawo daga ƙasar Zamfara ban huta da tambaya ba. A ofis tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, a gindin mangwaron da muke hira bayan la'asar kuwa ba a magana. Wani ya ce yaya Gusau take, wani ya ce da gaske ne tuwonsu ya fi namu tauri, wani kuma so yake ya ji dalilin da na tafi da wandon kaki na dawo da shi fari fat. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk lokacin da na sake faɗa sai na ƙara wa kaina wayon da ban yi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya karanta, a bar ni in sha iska.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ilyasu, Bazazzagi ne ni, ina aikin zanen gini a wani ofis a nan Kaduna. Shekara huɗu ba abin da nake yi sai kwafar zanen wasu: a ɗora takarda mai shara-shara a kan zane, in bi layi da alƙalami, in miƙa. Sai bana injiniyanmu, Baturen da muke kira Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa, ya ba ni aikin kaina na farko. Ɗakin shan magani ne, kuma da zane ɗaya za a gina guda uku: ɗaya a ƙasar Tsafe, ɗaya a gefen Gusau, ɗaya a Bungudu. Na ɗauko wani tsohon zane da na taɓa kwafa, na faɗaɗa tagogi, na ɗaga rufi, na bar sauran yadda yake. Ƙofa ɗaya babba tana duban hanya, in ka shiga ga ɗakin jira da dogon benci yana fuskantar ƙofar, daga ciki kuma ɗakin malamin asibiti. A idona ba a taɓa zana abin da ya fi shi tsari ba.

Ranar da zan tashi Mai Lofe ya kira ni. Ya ce in je in duba filayen nan uku, in auna, in kafa fegi kafin ruwa ya sauka, in dawo cikin kwana goma. Sannan ya cire lofen, abin da ba kasafai yake yi ba, ya ce da irin Hausarsa: "Akwai ɗaki da aka gina da tsohon zane kusa da Tsafe. Mutane ba su shiga. Ina tsammani wuri ne ba kyau, zane ba laifi. Kai ka duba wuri, kada ka taɓa zane. Idan waɗannan uku ma mutane ba su shiga, sunanka ne a kusurwar takarda." Bai ƙara ba, ni ma ban buƙaci ƙari ba. Na san ma'anarsa ita ce in koma kwafar zanen wasu har gemuna ya yi fari, a kuma bar gine-gine uku a tsaye suna nuna ni da yatsa.

Na naɗe zanen na zura a dogon gwangwaninsa, na rataya a kafaɗa, na shiga jirgi. A Zariya na sake wani jirgin, wanda ke zuwa Ƙaura. Wannan jirgi ba ya sauri kuma ba ya jin kunyar haka. Ban daɗe da zama ba wani ɗan garwashi ya shigo ta taga ya huda mini sabuwar hula. Wani dattijo mai fataucin goro da ke gefena ya dubi hular, ya dubi gwangwanin, ya matsa can ƙarshen benci, ya tambaye ni a hankali ko bindiga ce. Na ce masa ɗaki ne a ciki. Ya ƙara matsawa.

Bayan Funtuwa na ce masa in mun zo kan iyakar lardin Katsina da na Sakkwato ya nuna mini, don ni a zatona akwai shinge ko dogari. Ya ce babu komai sai gonakin auduga, amma kunnena zai gaya mini. Haka kuwa aka yi. Muna tsayawa a tashar Tsafe wata mai fura ta ɗago ƙwarya ta taga ta ce, "Malam, mi ka ka so? Da nono ko hwarau-hwarau?" Dattijon ya ce, "To, ka ƙetare." Iyakar ke nan gaba ɗayanta, ba wanda ya duba mini takarda.

A Tsafe an sauke ni a zauren wani malamin gona. Mutanen kirki ne, sai dai gaisuwarsu tana da tsawo. A Zariya muna ganin mun iya gaisuwa, amma a can sai an tambaye ka gajiya sau uku, ka amsa sau uku, ka ɗauka an gama, ka buɗe baki za ka faɗi abin da ya kawo ka, sai a sake ɗaukowa daga farko. Da yamma aka kawo mini hoce, wani gasasshen abu na garin dawa mai ɗan tsami, da miyar sure, wato abin da mu muke kira yakuwa. Na ciji hocen da haƙoran gaba kamar mai cin waina, na ji har cikin ƙwaƙwalwata. Mai masaukina ya kau da kai don kada in ga dariyarsa, ya nuna mini a gutsura ake yi a jiƙa a miya. Daga ranar ban sake raina shi ba, har guzurinsa na yi.

Da safe na ari keke na bi hanyar 'Yankuzo zuwa ƙauyen da aka gina ɗakin da ba a shiga. Tun daga nesa na gane shi, don ni na kwafi zanensa da hannuna shekara uku da suka wuce. Ga shi nan tsaf, da farin fenti da rufin kwano, ba tsaga ko ɗaya. Wurin ma ba laifi, yana bakin hanya, ga rijiya kusa. Na leƙa ciki. Awaki biyu na kwance a ƙarƙashin bencin, kaza ta yi ƙwai a kan taga. A bayan ginin kuwa, a gindin wata tsamiya, ƙasa ta yi sumul saboda zaman mutane, ga tsummokin bandeji, ga duwatsun da ake zama a kai a warwatse, wani nan wani can. Malamin asibitin ya tafi rangadi, sai mai gadi na samu, wani tsoho mai sanda.

Na ce, "Baba, me ya sa ba a shiga ɗakin nan?"

Ya dubi kakina, ya dubi gwangwanin, ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, ɗaki ya yi kyawo ƙwarai. Babu irinai dut ƙasag ga."

"To ai na ga a gindin tsamiya ake shan magani."

"I, nan a ka sha."

"Saboda me?"

"Haka nan dai, ranka shi daɗe. Amma ɗaki kam ya yi kyawo."

Na tambayi mutum bakwai a ƙauyen nan, bakwai ɗin suka yaba ɗakin. Da na ciro tef zan auna daga ginin zuwa tsamiya, wasu matan Fulani masu tallan nono suka ɗauka malamin lamba ne ni, mai tsaga hannu, suka suri ƙoransu suka yi daji. Na hau keke na komo Tsafe jikina a sanyaye. A raina ina cewa ƙauyanci ne kawai, an ba mutane ginin siminti sun zaɓi inuwar itace. Amma can ƙasan zuciyata tsoro ne, don abin da ke cikin gwangwanina ɗan'uwan wancan ɗakin ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Na kafa fegin Tsafe ba don raina ya so ba, na hau motar auduga zuwa Gusau. Kusa da dutsen Kwatarkwashi taya ta fashe, muka yini rabin rana muna kallon direba yana zagin ta. Na isa Gusau da yamma, gashina da gemuna duk auduga, kamar na tsufa a hanya.

Gusau gari ne na ciniki. Ga kantuna a jere kusa da tasha, ga buhunan gyaɗa, ga baƙi daga kowace ƙasa. Masaukina gidan Alhaji Bawa ne, wani mai kantin yadi, abokin kawuna tun suna samari. Mutum ne mai ƙiba da son dariya, kuma tun kafin in wanke ƙafa ya ce sai na nuna masa aikin da gwamnati ta aiko ni da shi. Na warware zanen a kan tabarma. Ya riƙe shi, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla, madalla! Wanga aiki sai ɗan boko." Na lura a juye ya riƙe shi, ƙofa tana sama. A take na gane yabon nan da na mai gadi duk ɗaya ne.

Washegari, bayan na auna filin da aka ba mu wajen Damba, na zauna a kantinsa ina hutawa. Idon mai zane ba ya zama lafiya, nan da nan na fara ganin kurakurai. Kantar ba a miƙe take ba, an karkatar da ita ta nufi ƙofa. Atamfofi masu tsada, maimakon a jera su can ciki inda ɓarawo ba ya kaiwa, suna bakin taga. A gefe kuma ga wata 'yar ƙofa ƙarama da ba ta dace da komai ba. Na ce, "Alhaji, in ka yarda in zana maka kantin nan sabo, a gyara shi."

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce da ya buɗe kantin, a miƙe kantar take, irin ta kantunan Turawa. Sai ya ga duk wanda zai sayi yadi sai ya ja shi zuwa ƙofa ya duba launinsa a hasken rana, shi ya sa ya kai yadin wurin hasken. 'Yar ƙofar kuwa tsofaffin mata ne suka sa shi fasa ta, masu saye wa matan kulle kaya, don ba sa son ratsa mazan da ke zaune a gaban kanti. Na ce su suka gaya masa? Ya ce, "Wa za shi gaya maka? Mutanen ƙasag ga ba su ce ma baƙo ya yi kure, balle baƙo mai kaki. Ni daɓen ƙasa nid duba, inda yas suɗe da inda bai suɗe ba. In ka isa Bungudu, nemi Baba Nomau magini. Shi ya fasa min ƙohwag ga."

Bungudu ba nisa, motar safe ta kai ni tun rana ba ta yi zafi ba. Filin da aka ba mu yana gefen kasuwa, ranar kuma jajibirin cinta ne. Na sami Baba Nomau a kan wata katanga yana yaɓe, tsoho siriri, hannunsa kamar busasshen reshe. Ya sauko, muka yi gaisuwar nan mai hawa uku, na warware masa zanen. Shi kaɗai ne a duk tafiyar bai yaba ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga ɗaki na ko akwati?"

Na yi masa bayani cewa kowane inci ɗaya a takarda ƙafa takwas ne a ƙasa.

Ya ce, "Ɗana, ni ban iya shiga takarda. Mu nan in za mu gini, ƙasa mu ka zana shi, mai gida shi shiga shi hita, matatai ta gwada inda za ta aza tukunya. In sun yarda, sannan mu kwaɓa ƙasa. Aza min shi ƙasa in gani."

Na so in ce masa ba haka ake aikin gwamnati ba. Amma awakin nan biyu na ƙarƙashin benci suka faɗo mini a rai, na yarda.

Da sassafe ranar kasuwa muka karɓo toka ƙwarya huɗu a wurin masu tsire. Ni ina jan tef ina kafa fegi, shi yana bin igiya yana zuba toka da tafin hannu, layi siriri miƙaƙƙe kamar da rula. Kafin hantsi ga ɗakina kwance a ƙasa da girmansa na gaskiya, da ɗakin jira, da ɗakin malami, da giɓin da muka bari a matsayin ƙofa. Aka aro dogon benci aka ajiye inda na zana shi. Akwai malamin asibiti, Malam Ummaru, da ke zuwa da akwatin magani a keke duk ranar kasuwa yana duba mutane a gindin wata ƙirya. Baba Nomau ya roƙe shi yau ɗaya ya zauna cikin ɗakin toka. Sannan Baba Nomau ya tsaya ya yi shela: "Jama'a, tokag ga bango ta! Ba a ƙetare ta. Mai son magani shi bi ta ƙohwa."

Aka yi ta dariya, amma abin mamaki, aka bi. A Kaduna da rana ɗaya ba za ta yi ba an tattake layin. A can kuwa sai ka ga dattijo da rawani ya zagayo fili fetal, ya zo daidai giɓin, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, sannan ya shiga. Mutum biyar suka shiga suka zauna, shida, bakwai. Na fara jin daɗi, har na dubi Baba Nomau da irin kallon nan na ka gani ko. Ya nuna mini gefe da haɓa. Mata ne tsaitsaye can nesa da goyo, sun fi na kan bencin yawa, ba wadda ta matso. Tsohuwa ɗaya ce kawai ta shiga, wata Bafulatana mai ciwon ido da ake kira Inna Dije, ita da wata maƙwabciyarta, suka takure a ƙarshen benci.

Ana cikin haka sai ga wani Bafulatani a kan takarkari, wansa yana jan igiya. Sunansa Jaɓɓi, daga wata ruga mai nisa suka taso tun asuba. Saniya ce ta soke shi da ƙaho a ƙwauri kwanaki da suka wuce, ƙafar ta kumbura ta yi suntum, tana sheƙi. Malam Ummaru ya hango ta daga inda yake ya ce mini a hankali, in ba a fasa ta yau ba, yana tsoron sai dai a yanke ta a Gusau, in ma an kai.

Aka sauke shi, ya dafa sanda, yana jan ƙafar har bakin giɓin. Ya ɗaga kai zai yi sallama. Sai na ga ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai, ya juya. Ya ja ƙafar nan ya koma wurin takarkarin, ya ce wa wansa ya ɗora shi.

Na bi shi da gudu. "Malam, ina za ka? Ga magani nan, ga malami!"

Ya ce, yana duban ƙasa, "Ƙahwag ga ta yi sauƙi."

Ƙafar da ƙuda ke bi, wai ta yi sauƙi. Raina ya ɓaci, na juya wurin Baba Nomau na ce wane irin taurin kai ne wannan. Ya kama hannuna ya matse, ya ce ƙasa-ƙasa, "Tsohuwag ga ta bisa benci, ita ta haihi matatai. Surukatai ta. Kana son shi shiga ta gabanta, shi zamna benci guda da ita, shi kware ƙahwa tana kallo, wataƙila hal shi yi nishi ta jiya? Ya hi son a yanke ta. Gindin icce kowa na da inda shi ka ɓoyewa. Ɗakinka ƙohwa guda, ido guda."

Na dubi ɗakina. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya a gaban kowa, kuma ni na juya bencin ya fuskanci ƙofa, don a takarda ya fi kyau haka. Na tuna duwatsun gindin tsamiya da na gani a warwatse, ashe ba rashin tsari ba ne, tsarin ke nan. Kunya ta rufe ni. Ga Mai Lofe ya ce kada in taɓa zane, ga kuma wan Jaɓɓi ya riga ya juya kan takarkari ya nufi hanyar daji.

Ban san lokacin da na ce, "Baba, riƙe mini su" ba. Na ruga bayan ɗakin, na sa ƙafa na share toka taki biyu, ƙofa ta samu. Na suri ƙwarya na ja layi ya raba ɗakin jira biyu, layin ya karkace, tokar tana zuba a wandona. Na share wani giɓin daga sabon sashen zuwa wurin Malam Ummaru. Aka jawo wani turmi aka kifa a matsayin kujera. Baba Nomau ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, bai dubi Jaɓɓi ba: "Jama'a, an yi sabon bango! Wancan sashe na mata na, wanga na maza. Mai bin ƙohwab baya ba shi ganin kowa, kowa ba shi ganinai."

Mazan da ke kan benci suka tashi suka zagaya. Takarkarin ya tsaya. In mutumin nan ya tafi, ƙafarsa ta tafi, ni ma na san abin da zan je in gina sau uku. Wan Jaɓɓi ya yi masa magana da Fulatanci. Sun daɗe. Sannan a hankali aka sauke shi, ya yi doguwar zagaye ta bayan masu tukwane don kada ya gifta ta gaban bencin, ya zo sabuwar ƙofar, ya yi sallama, ya shiga.

Ku da kuke tambayata abin da na gani a Zamfara, ga shi. Jaɓɓi yana zaune a kan turmi, Inna Dije tana kan benci, tsakaninsu bai fi kamu uku ba, kuma ba komai a tsakanin sai layin toka mai kaurin yatsa. Shi ya ba ta baya, ita ta ba shi baya. Malam Ummaru ya sa wuƙa ya fasa ƙafar, abin da ya fito ba zan rubuta shi ba. Gumi ya wanke wa Jaɓɓi fuska, amma ko tari bai yi ba. Da aka gama ɗaurewa, sai Inna Dije ta juya wurin maƙwabciyarta, ta ce da ƙarfi fiye da yadda ake yi wa na kusa magana, "An ce akwai wani mai ciwon ƙahwa cikin garin ga yau. Allah shi ba shi lahiya." Maƙwabciyar ta ce amin. Jaɓɓi bai motsa ba, amma na ga leɓensa ya ce amin.

Na koma gefe na zauna a kan gwangwanina. Wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har ƙafa, irin wanda ban ji ba tun da na bar Kaduna. Kafin azahar matan nan masu goyo sun cika bencin, har ana zama a ƙasa. Baba Nomau bai bar ni na more ba. Ya ce, to in suruki namiji ne fa, su biyu duk a sashen maza? Muka sake ɗaukar ƙwarya, muka zagayo da baranda ta sha kwana, yadda mutum zai iya jira a bayan kusurwa har wancan ya fita. Da la'asar na durƙusa a kan akwatin Malam Ummaru na mayar da duk abin da ke ƙasa cikin takarda da fensir, ina auna tokar da tef. Karo na farko ke nan da na kwafi zane ban ji haushi ba.

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai fargaba. Na tsaya a Gusau da Tsafe na matsar da fegi, na shiga jirgi ina ta shirya abin da zan faɗa. Daga tashar Kaduna ban biya gida ba, na wuce ofis da wandona yadda yake. Na shimfiɗa zanen a teburin Mai Lofe. Ya bi shi da gindin lofe, ya tsaya a ƙofa ta biyu.

"Na ce kada ka taɓa zane."

Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Na ba shi labarin awaki, da tsamiya, da toka, da Jaɓɓi. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni kaurin bangon da ya tsayar da mutumin. Na nuna masa yatsana. Ya daɗe yana duban yatsan, sannan ya ce a zanen ƙarshe in yi shi inci tara, in kuma wanke wandona. Ya ɗauki alƙalami ya sa hannu a ƙarƙashin sunana.

Na fito ina jin kamar an sauke mini buhun gyaɗa daga ka. Duk hanyar gida ina tsara yadda zan ba ku labarin mutanen Zamfara da baƙuwar al'adarsu, mutanen da za su yarda a yanke musu ƙafa saboda kunya. Na shiga zaure, na ratsa tsakar gida, na nufi ɗakin mai ɗakina da sallamata a baki. A bakin ƙofar sai ga wasu takalma jajaye na fata, ɗinkin Zariya. Na san su. Mahaifiyarta ce ta zo ganin jika.

Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna da kansu suka juya. Sai ganina na yi a zaure, a tsaye, da gwangwani a kafaɗa, ga yunwa ga gajiyar jirgi, ina leƙen wanda zai shiga ya ce na dawo. Nan na zauna har aka kira magariba, ina jiyo muryarta tana yi wa jikanta wasa. Gidan namu ƙofa ɗaya gare shi, kuma ni na zana shi.